Kwana a bakin Volta: yadda ake ɗaure jirgi gari ya waye a tarar da shi

Duk mai bin ƙauyukan masunta da ke gaɓar Tafkin Volta, ko sarin kifi yake yi, ko gawayi, ko doya, ko awaki, ya san akwai ranar da dare zai riske shi bai kai gida ba. Wani lokaci inji ne zai yi gardama. Wani lokaci ba a gama bandar kifin ba, dole a jira. Wani lokaci kuma hadari ne zai haɗo da la'asar, matuƙi ya ce yau kam ba inda za shi. To sai a nemi tsibiri ko wani lungu a yada zango, a kwana, da asuba a ci gaba.

A irin wannan dare hankalin mutane ya fi tafiya kan inda za a shimfiɗa tabarma da yadda za a tsira daga sauro. Jirgin kuwa, sai a wurga igiyarsa kan kututturen da ya fi kusa, a yi ƙulli biyu, a wuce. Alhali jirgin nan shi ne jarin, shi ne kuma hanyar komawa gida. In ya kwance cikin dare, an yi asarar katako da inji da kaya lokaci guda, ga mutane a tsibirin da ba lallai waya ta samu sabis ba. In kuma bai kwance ba amma ya kwana yana bugun kututture, da safe sai a tarar da shi rabi a ruwa.

Daji ne a ƙarƙashin ruwan

Kafin a yi maganar igiya, sai an san irin ruwan da ake ciki. Volta ba tafkin asali ba ne. An fara ginin madatsar Akosombo a 1961, aka gama a 1965, ruwa ya taru a bayanta har ya rufe fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,500. Mutum wajen 80,000 aka tayar daga garuruwansu aka sake musu matsuguni. Tsohuwar Kete Krachi, inda zangon Hausawa ya yi suna, inda Alhaji Umaru ya karantar har rasuwarsa a 1934, tana ƙarƙashin ruwan nan. Yeji kuwa a da mashigi ce da fataken goro ke tsallake kogi a kan hanyar Salaga. Yau tsakaninta da Makango tafiya ce ta kilomitoci a kan ruwa.

Da ruwan ya zo, ba a sare itatuwan da ke wurin ba. Sun mutu a tsaye. Shekara kusan sittin ke nan, ɓangaren da ke cikin ruwa na itatuwa masu tauri bai ruɓe ba, yana nan kamar mashi, wani a bayyane, wani taƙi ɗaya ƙasa da saman ruwa. Kututturan nan sun sha fasa jirage da rana tsaka, shi ya sa Hukumar Kula da Sufurin Ruwa ta Gana ta yi aikin sare su a wasu hanyoyin da jirage ke bi. Amma lungun da za ka kwana ba ya cikin waɗannan hanyoyi. Kai za ka bincika da kanka.

Abu na biyu, ruwan ba ya tsayawa wuri ɗaya. A Akosombo ana auna shi tsakanin ƙafa 240, wato mafi ƙarancin da injinan lantarki ke so, da ƙafa 278, wato cikarsa. Bambancin ya haura mita goma sha ɗaya. Ruwa yakan ja baya tun daga rani har wajen tsakiyar shekara, sannan ya fara hawa daga wajen Agusta zuwa Oktoba, lokacin da Baƙar Volta da Farar Volta da Oti ke kawo ruwan arewa, ga kuma wanda ake saki daga madatsar Bagre ta Burkina Faso. A 2007 ya yi ƙasa har aka shiga rabon wutar lantarki. A 2010 da 2023 ya cika har aka buɗe ƙofofin Akosombo. Abin da wannan ke nufi ga mai kwana a gaɓa shi ne, a wuraren da ƙasa ta kwanta, ƙarin ruwa kaɗan yana cin fili mai yawa. Misali, in gaɓar tana hawa mita ɗaya a cikin kowace mita hamsin, ƙarin santimita goma kacal zai matso da bakin ruwa mita biyar. Jirgin da ka bari a kan tudu da magariba yana iya zama a kan ruwa kafin asuba.

Tarkon iskar gabas

Nan ne baƙo ke faɗawa. Da damina iskar yau da kullum daga kudu maso yamma take busowa. Mai neman mafaka da yamma sai ya zagaya bayan tsibiri, wato gefen gabas, ya ga ruwa luf kamar a kwano, ya ce ya samu wuri. Amma hadarin ƙasar nan daga gabas yake tasowa, ya nufi yamma, kuma iskar da ke gabansa ita ce mafi ƙarfi. Takan zo farat ɗaya, kafin ɗigon ruwa ya sauka. Wurin da ya kare ka daga iskar yamma, shi ne ya buɗe ka ga iskar gabas, kuma a lokacin taguwar ruwa za ta riƙa jefa jirginka kan gaɓa. Irin wannan hadari ya fi yawa a farkon damina da ƙarshenta, kuma sau da yawa da yamma ne ko cikin dare.

Saboda haka in ka tsaya a wuri, ka fuskanci gabas ka duba. In ruwa ne shimfiɗe har iyakar ganinka, wurin bai yi ba, komai kwanciyarsa a lokacin. Tsawon ruwan da iska ke bi kafin ta iso gare ka shi ke gina taguwa. Nemi lungu mai tudu ko daji a gabas, wanda bakinsa bai buɗe sosai ba. Da hunturu lissafin ya sauya: iska daga arewa maso gabas take, ba ta cika zafi kamar ta hadari ba, amma hazo kan rufe gani, don haka a tsaya tun da rana.

Ka iso da wuri. Wanda ya iso bayan magariba ba zai ga kututture ba, ba zai ga irin ƙasar ba. Da sauran haske, a shiga lungun a hankali da filafili, inji a ɗage, wani yana goshin jirgi da doguwar gora yana tokarin ƙasa. Gorar za ta gaya maka zurfi, ta gaya maka ko laka ce, ko yashi, ko dutse, ta kuma taɓo kututturen da ido bai gani ba. Laka mai danƙo da yashi mai tauri su suka fi riƙe anga. Dutse da ciyawar ruwa ba su riƙewa.

In akwai ƙauye kusa, a je a gai da mai gari ko shugaban masunta, a nemi izini. Ba ladabi kaɗai ba ne: su suka san inda aka shimfiɗa koma, inda kada ke fitowa, da inda iska ke juyawa. Sannan a sani cewa gaɓar yamma a yankin Digya gandun daji ne na gwamnati, ba a kwana a ciki sai da izinin masu kula da shi.

A tudu ko a ruwa, ban da tsakiya

Ƙaramin kwalekwalen da mutum uku ko huɗu za su iya ja, babu abin da ya fi a fitar da shi gaba ɗaya. A sauke kaya, a shimfiɗa itatuwa biyu ko uku a ƙasa a mirgina shi a kansu, a kai shi sama da layin ciyayi da tarkacen da ruwa ya taɓa ajiyewa. Ko a can ɗin ma sai an ɗaure shi. In da hali a kife shi, ruwan sama ba zai taru a ciki ba.

Babban jirgin katako mai inji da kaya ba ya fita tudu. Shi sai a bar shi yana iyo sosai, a inda ko taguwa ta sauke shi cikinsa ba zai taɓa ƙasa ba. Abin da ke kashe jirgi shi ne a bar shi rabi a tudu rabi a ruwa. Goshi ya kafe a ƙasa, baya yana iyo, kowace taguwa ta ɗaga shi ta buga. Ƙusoshi su saki, abin da aka toshe tsakanin katakai da shi ya fita. In bayan jirgin ne ke fuskantar tafki, ga nauyin inji, taguwa biyu ko uku sun isa su cika shi. Ƙa'idar ita ce goshi ya fuskanci inda taguwa ke zuwa. Don haka ba a ɗaura anga a bayan jirgi ita kaɗai.

Anga da tsawon igiya

Yawancin jiragenmu dutse ne angarsu, ko buhun yashi, ko wani tsohon ƙarfen mota. Waɗannan nauyi kawai suke da shi. Suna riƙewa in ruwa na kwance, amma iska na tashi sai su bi jirgi suna jan ciki. Anga ta gaskiya mai farce ce, tana nutsewa cikin ƙasa, kuma gwargwadon ja gwargwadon nutsewa. Mai walda yana iya haɗa ta da rodi. Sai dai siririn rodi da ke miƙewa in ya maƙale a saiwa, wanda masunta ke so da rana, haka zai miƙe in iska ta matsa da dare. Ta kwana a yi ta da kauri.

Anga mai farce ba ta aiki sai an ja ta a kwance. In igiyar gajera ce, jan sama ake yi, sai ta tumɓuke. Lissafin da matuƙa suka saba da shi a ko'ina shi ne igiya ta ninka zurfi sau biyar, in ana tsoron iska sau bakwai. A auna daga goshin jirgi, ba daga saman ruwa ba. Misali zurfi mita uku, goshi ya ɗaga mita ɗaya, an samu huɗu: igiya mita ashirin in dare lafiya, mita ashirin da takwas in hadari na gari. In babu abin awo, gaba ɗaya ta babban mutum ta kusa mita biyu, sai a ƙirga da hannu. Sarƙa mita biyu ko uku tsakanin anga da igiya tana ƙara riƙo ƙwarai, domin nauyinta yana kwantar da jan, kuma dutse ba ya cin ta.

Igiyar ma iri-iri ce. Ta nailan tana nutsewa, tana kuma miƙewa kamar roba in an ja, sai ta shanye fizgar taguwa. Mai launin shuɗi ko rawaya da ke iyo a saman ruwa ta fi araha, amma rana na cinye ta; in ka murza ka ga gari na zuba, ta gama aiki.

Ba a wurga anga. A sauke ta a hankali har ta taɓa ƙasa, a bar jirgi ya ja baya ana sakin igiya. In an kai tsawon da ake so, a ɗaure, a sa inji baya kaɗan-kaɗan ko a ja da filafili. Ɗora hannu kan igiyar. In ta yi tauri ta tsaya shiru, ta kama. In tana karkarwa tana tsalle, jan ciki take, a ɗaga a sake. Ka tuna kuma jirgi zai kewaya angar duk inda iska ta juya, don haka da'irar nan gaba ɗaya sai ta zama babu kututture a cikinta.

A tafki irin wannan anga takan maƙale a saiwa. Maganinsa a ɗaura siririyar igiya ta daban a gindin angar, wajen faratan, a ɗaure ɗaya bakin da jarka marar komai ta riƙa iyo. Da safe in ta ƙi fita, a ja ta jarkar, sai ta fito ta baya. In duk da haka ta ƙi, a yanke igiya a bar ta. Kada a tura yaro ya nutse ya ciro. An daɗe ana kokawa kan yaran da ake sa su nutso su kwance koma daga kututture a tafkin nan, kuma wasu ba su fitowa. Kuɗin anga bai kai ran ɗan mutum ba.

Igiya ta biyu

Anga ɗaya ba ta isa a yi barci a kanta ba. A ƙara doguwar igiya daga jirgi zuwa tudu. In lungun ƙunci ne kuma a kare yake, ana iya ɗaura ta a bayan jirgi, goshi na kallon tafki. Amma in iska ta juyo ta gefe, jirgin da aka ɗaure gaba da baya ba zai iya juyawa ba, sai ya karɓi taguwa a haƙarƙari. In aka ga haka a sassauta ta tudu nan take. Inda akwai fili, ya fi a ɗaura ta a goshi ita ma, a bar ta sako-sako. Aikinta shi ne in anga ta saki, jirgi ba zai tafi ba.

A tudu a nemi itace mai rai mai kauri, a ɗaure ƙasa-ƙasa kusa da saiwa. Busasshen kututturen da ke tsaye a bakin ruwa ba abin amincewa ba ne. Na cikin ruwan yana da ƙarfi, amma saman da rana da ruwa ke yi wa canji ya ruɓe, yana karyewa, igiya kuma tana iya zamewa ta sama. Ga shi inda ka ga ɗaya, akwai 'yan'uwansa a ɓoye. In babu itace, a kafa turke mai tsawo, kansa ya karkata nesa da ruwa. In yashi ne turke ba zai riƙe ba: a haƙa rami kamu biyu, a ɗaura igiya a tsakiyar guntun gungume, a kwantar da shi a gicciye, a binne a tattake.

Wajen ƙulli, ka zagaya igiyar sau biyu a jikin itacen, sannan ka yi ƙulli biyu a jikin igiyar kanta, ka bar jela mai tsawo. Zagayen ne ke ɗaukar nauyi, don haka ko igiya ta yi tauri za ka iya kwancewa cikin duhu ba sai da wuƙa ba. Zargen da ake ɗaure akuya da shi ba na jirgi ba ne. A cikin jirgin kuma a ɗaure a jikin katakon da ke haɗe da ƙashin jirgin, kada a ɗaure a benci.

Igiya ba ta cika tsinkewa a tsakiya ba. A inda take gugar bakin jirgi take yankewa, zare-zare, tsawon dare. A zura ta cikin guntun tiyo, ko a naɗa mata buhu ko tsumma a wurin. In jirage biyu za su kwana kusa, kowanne da angarsa, a rataya tsofaffin tayoyi a tsakani.

Ruwan sama, inji da wuta

Jirgi buɗaɗɗe kwano ne. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, wato kilo ɗaya. Jirgin da bakinsa ya kai murabba'in mita goma sha biyu, in aka yi ruwa milimita hamsin, ya sha lita 600. Nauyin buhun siminti goma sha biyu ke nan, kuma nauyi ne mai gudu daga gefe zuwa gefe. Ga wanda yake yoyo ta ƙasa. Saboda haka a kwarfe shi tas kafin a kwanta, a rage kaya masu nauyi, a rufe da tamfol mai tudu a tsakiya don ruwa ya zube waje. Bokitin kwarfa a ɗaure shi a jirgi.

Inji a ɗage shi, a sa masa sarƙa da kwaɗo. A cire tiyon mai da tankin a tafi da su tudu. Ɓarawo ba zai tayar da shi ba, kuma in jirgi ya nutse mai bai zube a ruwan da mutane ke sha ba. Tankin a ajiye shi nesa da murhu, ta gefen da iska ba za ta kai masa tartsatsi ba. Filafili da rigunan kariya na ruwa su ma su kwana tare da mutane. In wurin jirage na wucewa da dare, a rataya farar fitila a saman gora a cikin jirgin.

Shimfiɗa kuwa a yi ta a kan tudu, inda ana ganin jirgin da tocila, ba ƙarƙashin dogon itacen da ke tsaye shi kaɗai ba, saboda tsawa. A rage shiga ruwa mai ciyawa a bakin gaɓa, nan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya yake zama, cutar da ta yaɗu a ƙauyukan tafkin tun bayan gina madatsa.

Wani ya kwana ido biyu

Kafin duhu, a soke kara a daidai bakin ruwa. In an duba bayan isha'i an ga ruwa ya wuce shi, an san yana hawa. A tsaya wuri guda a daidaita jirgin da wani itace na can nesa. In daga baya sun rabu da yawa, iska ba ta juya ba, to anga na ja. A raba dare tsakanin manya, kowa ya ɗauki rabonsa. Mai gadi ya riƙa duba gabas. Walƙiya can ƙasa-ƙasa, iska ta ɗauke cak, sannan sanyi ya buso: wannan lokacin tayar da mutane ne, a ƙara igiya, a gyara tamfol, tun ruwa bai sauko ba. Hukumar hasashen yanayi ta Gana tana fitar da gargaɗin hadari, kuma gidajen rediyo na karantawa, don haka ƙaramar rediyo na da amfani. Waya a sa ta a leda, a bar mata caji. Lambar neman agaji a Gana 112 ce. Tun kafin a bar gida kuma a gaya wa wani inda aka nufa da ranar da ake sa ran dawowa.

In duk da haka jirgi ya kwance, kada kowa ya faɗa ruwa ya bi shi da iyo. Iska na tura jirgi marar kaya fiye da saurin mai iyo, ga duhu, ga koma, ga kututture. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. A lura da inda iska ta nufa, a jira gari ya waye, a nemi masuntan kusa. Sau da yawa ana samun jirgin ya maƙale a ciyawa ko a gaɓar da iskar ta kai shi, musamman in an rubuta suna da lambar waya a jikinsa.

Da asuba kafin a loda kaya, a kwarfe ruwan da ya taru a ga yawansa. In ya fi na kullum alhali ba a yi ruwan sama ba, akwai inda ya buɗe, a nemo shi tun ana bakin gaɓa. A bi igiya da hannu daga farko har ƙarshe, a yanke inda ta ci. A kashe wuta da ruwa, a cire turke, a yi sallama da mutanen gari, sannan a ɗaga anga.